Sonia Delaunay kafin sunanta ya fito: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan Sonia Delaunay, yawanci daga masu karatun zane da masu sana'ar ɗinki. Na tsaya a kan shekarunta na farko, daga barinta gida zuwa lokacin da ta buɗe shago, domin duk abin da aka san ta da shi daga baya a nan ya tsiro.

Wace ce Sonia Delaunay?

Mai zane ce da aka haifa a watan Nuwamba na 1885 a Yukiren, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Ta rasu a Faris ranar 5 ga Disamba 1979, tana da shekara 94. Sunanta na yanka Sarah Stern. Tana cikin mutanen farko a Turai da suka yi zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, sai launi tsantsa da layi da da'ira. Abin da ya raba ta da takwarorinta shi ne ba ta taɓa yarda cewa zane sai a kan ƙyallen da za a rataya a bango ba. Ta yi shi a jikin bargo da riga da murfin littafi da matashin kai da murfin fitila, daga baya ma har a jikin mota. Wannan ƙin yarda shi ne sabon abin da ta kawo, kuma da shi ne aka yi shekaru ana danne ta.

Yaya yarinya daga gidan talakawa ta kai ga karatun zane a ƙasar waje?

Riƙo ne ya buɗe mata hanya. Iyayenta Yahudawa ne masu ƙaramin ƙarfi, mahaifinta yana aiki a masana'antar ƙusa. Tana da kimanin shekara biyar kawunta Henri Terk, wani lauya mai hali a St. Petersburg, ya ɗauke ta, shi da matarsa Anna. Daga nan ta koma Sonia Terk.

Sai an san halin da Yahudawan Rasha suke ciki a lokacin za a gane girman wannan sauyi. Doka ta killace yawancinsu a wani yanki na yammacin daular, kuma zama a babban birni sai ga 'yan kaɗan, irin su manyan 'yan kasuwa da masu ilimi mai zurfi. Kawun nata yana cikin waɗannan 'yan kaɗan. A gidansa ta tarar da littattafai da zane-zane a bango da masu reno da suka koya mata Jamusanci da Faransanci da Ingilishi. Hutun bazara a Finland suke yin sa, suna kuma yawo da ita gidajen adana zane-zane na Turai. Wata malamar zane a makarantarsu ce ta lura da hannunta, ta ba da shawarar a tura ta Jamus. Tana da kimanin shekara 18 ta tafi Karlsruhe, inda ta koyi zanen jikin mutum a hannun Ludwig Schmid-Reutte, malami mai tsanani a kan daidaiton gaɓoɓi da layi. Daga can ta wuce Faris.

Na kan yi tunanin 'yan uwanta da aka bari a gida. Baiwa ba ta zaɓen gidan masu kuɗi, amma ba don kawun nan ba, da wuya mu taɓa jin sunanta.

Mace tana iya shiga makarantar zane a wancan zamanin?

Da ƙyar. Babbar makarantar zane ta gwamnati a Faris, École des Beaux-Arts, sai a 1897 ta fara karɓar mata. A Jamus yawancin makarantun gwamnati irin wannan ba su buɗe musu ƙofa sosai ba sai 1919. Shi ya sa mata suka cika makarantu masu zaman kansu da ɗakunan malamai, inda kuɗi ne ke magana. Sonia ta shiga ɗaya daga cikinsu, Académie de la Palette, a unguwar Montparnasse. Ba ta ji daɗin koyarwar ba, domin malamai da yawa ne suke zagayowa, kowa da gyaran da zai yi mata. Sai ta rage zuwa aji, ta mayar da shagunan dillalan zane makarantarta.

Me ake nufi da avant-garde, kuma me ta tarar a Faris?

Kalmar Faransanci ce ta soja, tana nufin dakarun da ke sahun gaba, masu fara shiga inda sauran runduna ba ta kai ba. Aka ari kalmar ga masu zane da marubuta da mawaƙa da suka ƙi bin ƙa'idar da aka gada. Ƙa'idar kuwa, tun ɗaruruwan shekaru, ita ce zane ya yi kama da abin da ido ke gani: sama shuɗiya, fata launin fata, na nesa ƙarami, na kusa babba. Da kyamara ta zo ta iya wannan aiki cikin ƙiftawar ido, sai matasa suka fara tambayar abin da ya rage wa mai burushi.

Sonia ta iso ana tsakiyar wannan hayaniya. A baje kolin kaka na 1905, Henri Matisse da André Derain da abokansu sun rataya zane-zane masu launi ɗanye, fuska kore, itace ja. Wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya kira su namun daji, sunan kuma ya bi su. Ayyukan Van Gogh da Gauguin, waɗanda suka riga suka rasu, su ma a lokacin ne matasa suke gano su. Ga yarinyar da ta taso da tunanin jajayen kaya da korayen ɗinki na bukukuwan ƙauyen Yukiren, wannan launi bai zame mata abin tsoro ba. Kamar wadda ta ji harshen garinsu ne a tsakiyar baƙuwar kasuwa.

Yaya zanenta na farko yake?

Mutane take zanawa. A 1907 ta yi hotunan 'yan matan Finland, da na wata mai ɗinki da ake kira Philomène, wadda ta zauna mata sau da dama. Fuskokin nan ba a yi musu kwalliya ba: layi baƙi mai kauri ya kewaye su, kunci ja, inuwar ƙarƙashin ido kore ko shuɗiya. A 1908 ta yi wanda ya fi shahara a wannan zango, Nu jaune, mace a kishingiɗe jikinta rawaya shar, yanzu yana gidan adana zane na birnin Nantes.

In mutum ya duba su da kyau zai ga wani abu. Bangon da ke bayan mutanen, da matasan kai da yadin da suka jingina da shi, ba ta bar su a matsayin baya kawai ba. Adon yadin yana gogayya da fuskar, yana neman ƙwace idon mai kallo. Tun kafin ta bar zanen mutum, yadi ya riga ya fara jan ta.

Gaskiya ne aurenta na farko ba na soyayya ba ne?

Gaskiya ne. Danginta a Rasha suna matsa mata ta dawo gida, domin a ganinsu bai dace budurwa ta zauna ita kaɗai a Faris tana zane ba. Aure ne kaɗai zai ba ta damar zama da kuma iko da dukiyarta. Wilhelm Uhde, wani Bajamushe dillalin zane kuma marubuci, shi ma yana da nasa dalilin neman rufin asirin aure a idon jama'a. Suka shirya a tsakaninsu, aka ɗaura a Landan a watan Disamba na 1908. Abota ce da mutunta juna, kuma sun ci gaba da zumunci bayan rabuwa.

Uhde ba ƙaramin mutum ba ne a wannan fage. Yana cikin na farko da suka sayi aikin masu zanen nan Picasso da Braque, shi ne kuma ya tsaya wa wani mai zane, Henri Rousseau, lokacin da ake yi masa dariya. A shagonsa na titin Notre-Dame-des-Champs Sonia ta yi baje kolinta na farko ita kaɗai, a 1908. Ta hanyarsa kuma ta haɗu da wani matashin mai zane sa'anta, Robert Delaunay, wanda mahaifiyarsa take yawan zuwa shagon. Uhde bai ja ba da ya ga inda zuciyarta ta karkata. Aka raba auren a 1910, ta auri Robert a watan Nuwamba na shekarar, aka haifi ɗansu Charles a Janairun 1911.

Me ya sa ake yawan maganar wani bargon jariri?

Domin daga shi ne komai ya juya. A shekarun 1909 zuwa 1911 Sonia ta ɗan ajiye burushi, ta koma ga allura da zare. Akwai wani ɗinkin ganyaye da ta yi a 1909 wanda har yau yana nan. Da aka haifi Charles sai ta tattara guntattakin yadi ta haɗa masa bargon gado, irin wanda ta tuna tana gani a gidajen manoman ƙasarsu. Guntayen ba girmansu ɗaya ba, wani murabba'i, wani mai kusurwa uku, wani a karkace. Akwai ruwan hoda da kore da baƙi da ruwan ƙasa da fari mai duhu, wani yana sheƙi, wani ba ya yi. Ba fure, ba tsuntsu, ba siffar komai. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa da ta gama ta dube shi, sai ta ga tsarin guntayen ya yi kama da abin da masu sabon salon zane na Faris suke nema, daga nan suka fara gwada hanyar a kan wasu kayayyaki da kuma zane.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin keke, waɗanda yara mata kan tsince su yi wa 'yar tsana riga. Da irinsu aka yi wannan aiki. A shekarar 1911 ɗin nan masu zane irin su Kandinsky a Munich da František Kupka a Faris suna ta fama da tambayar ko zane zai iya tsayawa ba tare da ya nuna wani abu ba, suna rubuce-rubuce, suna gwaji a hankali. Ita kuwa ta isa wurin ta ƙofar ɗakin jego, da almakashi a hannu.

Ban ce ita ce ta fara ba. Mata a ƙauyukan duniya sun daɗe suna haɗa guntun yadi, ita ma ba ta ɓoye cewa daga gare su ta gani ba. Abin da ta yi shi ne ta gane cewa abin da ke hannunta zane ne cikakke, ta ƙi ta raina shi don kawai jariri ne zai kwana a ƙarƙashinsa. Bargon yanzu mallakar gidan adana zane na zamani na ƙasar Faransa ne, wanda ake kira Centre Pompidou, a Faris.

Mece ce kalmar simultané da ake jinginawa ga aikinta?

Ma'anarta abin da ke faruwa a lokaci guda. Asalin kalmar a marina yake, abin da ke ba ni sha'awa ƙwarai. Michel-Eugène Chevreul masanin sinadarai ne da aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris a 1824. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba shi da kyau, yana koɗewa. Ya gwada, ya ga rinin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana idon mai kallo: in aka saƙa baƙin kusa da shuɗi ko shunayya, ido da kansa yana shafa masa wani launi, sai ya yi kamar ya koɗe. A 1839 ya wallafa littafi a kan wannan doka, cewa launi biyu in suka yi maƙwabtaka, kowanne yana sauya yadda ake ganin ɗan'uwansa a lokaci guda.

Na ga wannan da idona kafin in karanta shi. Na taɓa raka yayata Kantin Kwari neman mayafin da zai shiga da wata atamfa mai ruwan goro. Mai shagon ya miƙo mata wani shuɗi, ta yamutsa fuska ta ce ya yi duhu. Ya ce, "Hajiya, kada ki dube shi shi kaɗai, bari in ɗora miki shi a kan atamfar." Yana ɗorawa shuɗin ya farka, ruwan goron ma ya ƙara wuta. Ta juya mayafin, ta sake juyawa, ta ce, "Alhaji, anya shi ne na ɗazu?" Shi ne, maƙwabcinsa ne ya sauya.

Sonia da Robert suka ɗauki wannan suka yi gini a kai. Suka ce in har launuka suna tura juna, wani ya matso gaba, wani ya ja baya, wani ya yi kamar yana rawa a gefen wani, to mai zane ba ya bukatar doki ko jirgi kafin ya nuna motsi. Launi kaɗai zai yi motsin, ya yi zurfin, ya yi hasken. Abokinsu Guillaume Apollinaire, marubucin waƙa kuma mai sharhin zane, ya raɗa wa salon suna Orphisme, daga sunan Orpheus, mawaƙin tatsuniyar Girka, amma su kansu simultané suka fi so.

Zanen da ba ya nuna komai, yaya ake kallonsa?

Wannan tambaya ta fi damun mutanen Turai na lokacin fiye da yadda ya kamata ta dame mu. Wanda ya taso yana ganin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da ɗinkin hula, da zanen ƙwarya, bai taɓa tambayar hoton wane ne ba. Yana duba ko layin ya zauna, ko launin ya shiga, ko hannun mai aikin ya nuna. Sonia ba daga nan ta koya ba, tushenta Yukiren ne da Faris. Amma idon da muke kallon namu da shi ya isa a kalli nata. A tsaya a gabansa, a bar ido ya bi da'irar, a lura da inda ja ya haɗu da kore, a ga yadda wurin yake kamar yana motsi.

Mene ne labarin gidan rawa da rigar da ta ɗinka?

Bal Bullier wani babban gidan rawa ne kusa da Montparnasse, inda ɗalibai da masu zane da 'yan mata ma'aikata suke haɗuwa. A 1913 rawar tango, wadda ta zo daga Ajantina, ta mamaye Faris. Sonia takan je tare da mijinta da abokansu, ta zauna tana kallon yadda ma'aurata ke juyawa a ƙarƙashin fitilu. Daga nan ta yi zanen Le Bal Bullier, mai tsawon kusan mita huɗu, faɗinsa bai kai mita ɗaya cikakke ba, kuma a kan yadin katifa ta yi shi. Ana iya gane masu rawa a ciki, amma sun narke sun zama lanƙwasar launi, kamar yadda taro yake zama a idon wanda ya daɗe yana kallonsa.

Zuwa wannan gidan rawa ne ta ɗinka wa kanta riga da guntayen yadi iri-iri, siliki da mai kauri da mai shara-shara, launuka suna karo da juna. Robert ma ya sa kaya masu ja da kore da shuɗi, a zamanin da namiji mai mutunci baƙi yake sawa. Apollinaire ya rubuta a mujallar Mercure de France a farkon 1914 cewa a je Bullier a ga yadda wannan miji da mata suke sauya tufafi. A wurinta rigar ba talla ba ce. Zane ne da aka ɗora wa jiki mai tafiya, motsin da take nema a kan ƙyalle ya samu da kansa.

A wannan lokacin ne kuma aka sa fitilun lantarki a titin Saint-Michel. Ta lura da zoben launi da ke kewaye kowace fitila da dare, ta yi babban zane mai suna Prismes électriques, mita biyu da rabi kowane gefe, aka nuna shi a baje kolin masu zaman kansu na 1914. Wanda ya taɓa kallon fitilar titi cikin hazon hunturu ya san irin zoben.

Littafin nan mai tsawon mita biyu fa?

A farkon 1913 ta haɗu da Blaise Cendrars, marubucin waƙa ɗan Suwizalan wanda ya taɓa zama a St. Petersburg yana saurayi. Jininsu ya haɗu nan take. Ya rubuta doguwar waƙa a kan tafiya cikin jirgin ƙasan da ke ratsa Saiberiya, suka fitar da ita tare da sunan La Prose du Transsibérien et de la petite Jehanne de France. Ba littafi ne mai shafuka ba. Takarda ce guda mai tsawon kusan mita biyu, ana naɗe ta kamar mafici. A dama baitoci ne da haruffa iri-iri masu girma da launi daban-daban, a hagu launukan Sonia suna gangarowa daga sama har ƙasa, wasu ma suna kutsawa cikin guraben rubutun. A can sama taswirar layin dogo ce, a can ƙasa 'yar ƙaramar hasumiyar Eiffel ja.

Niyyarsu su buga kwafi 150, domin in an jera su tsawonsu ya kai mita 300, tsayin hasumiyar. Ba su kai ga kammala adadin ba, saboda kowane kwafi da hannu ake shafa masa launi ta cikin takardar da aka huda. Abin da suke so shi ne ido ya ɗauki kalma da launi tare, kamar yadda matafiyi ke jin ƙarar jirgi yana kuma ganin gari na wucewa. A watan Satumba na shekarar aka kai ayyukanta babban baje kolin da Herwarth Walden ya shirya a Berlin, ta aika da zane-zane tare da murfin littattafai da matasan kai da murfin fitila, ba ta ware wani ta ce wannan ne na gaske ba.

Ita ta koya daga mijinta, ko shi ya koya daga gare ta?

A gida ɗaya suke aiki, a titin Grands-Augustins, kowa yana ganin abin da ɗaya ya yi kafin fenti ya bushe, don haka raba gadon nan da wuya. Robert mai zane ne na gaske. Jerin hotunansa na hasumiyar Eiffel da na tagogi sun ja hankalin Kandinsky har ya gayyace shi baje koli a Munich a ƙarshen 1911, Paul Klee kuma ya fassara rubutunsa a kan haske zuwa Jamusanci. Shi ne mai nazari da bayani da gardama a majalisa. Amma kafin haɗuwarsu ita ce mai zafin launi, kamar yadda ayyukanta na 1907 da 1908 suka shaida, bargon kuma ya riga zane-zanensa na da'ira.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne yadda aka rubuta tarihin. Apollinaire ya zauna a gidansu na makonni a ƙarshen 1912, ya ci abincinta, ya ga aikinta a ko'ina cikin ɗakin. Da ya zo lissafa masu sabon salon a littafinsa na 1913, ya ambaci Robert da Léger da Picabia da Duchamp, bai sa ta ba. Ya yabi rigarta daga baya, amma a matsayin tufafi. Haka aka ci gaba: nasa zane, nata ado. Ita ma ta ba da gudummawa ga wannan, domin bayan rasuwar Robert a 1941 ta kwashe shekaru tana tattara takardunsa, tana shirya masa baje koli, tana tura sunansa gaba da nata.

Me ya kai ta ga buɗe shago?

Yaƙi da juyin juya hali. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 suna hutu a Hondarribia, a arewacin Sifaniya, sai suka zauna a can. A 1915 suka koma Vila do Conde a Fotugal, inda hasken rana da kasuwannin ƙauye suka tuna mata da ƙuruciyarta. Ta zana matan kasuwar yankin Minho da lemo da kabewa da manyan gyale, duk sun zama da'irori masu wuta. Tana cikin lokutan da ta fi jin daɗin aiki.

Sai 1917 ta zo. Duk tsawon shekarun nan kuɗin hayar gidaje ne daga St. Petersburg yake riƙe da su, juyin juya halin Rasha ya yanke shi dare ɗaya. Zanen Robert ba ya kawo abin da za a ci. Sonia ta ɗaura ɗamara. A Madrid ta sadu da Sergei Diaghilev, shugaban shahararriyar ƙungiyar rawa ta Ballets Russes, ya ba ta aikin tufafin wasan Cléopâtre da aka nuna a Landan a 1918, Robert kuma ya tsara dandalin. A shekarar ta buɗe Casa Sonia, tana sayar da riguna da laima da kayan ɗaki ga manyan matan Madrid. Da suka koma Faris a 1921 ta ci gaba. A 1923 wani kamfanin siliki na birnin Lyon ya ba ta aikin zanen yadi hamsin, a 1925 kuma ta buɗe rumfa tare da Jacques Heim, wani mai sana'ar tufafi, a kan gadar Alexandre III, lokacin babban baje kolin kayan ado na duniya. A wannan baje kolin aka ɗauki hoton mata sanye da kayanta a gefen mota ƙirar Citroën da aka fente da irin zanen rigunan.

Shiga kasuwanci bai rage mata daraja ba?

A idon masu sharhi na zamaninta ya rage. Sun ɗauka mai zane na gaske ba ya auna ƙugu, ba ya lissafin yadi. Amma tarihin ya nuna cewa ba yunwa ce ta fara kai ta ga yadi ba: bargon na 1911 ne, rigar ta 1913, duk lokacin kuɗin Rasha yana zuwa. Da bukata ta zo, abin da ta riga ta yi imani da shi ne ta mayar sana'a, ta ciyar da miji da ɗa da ma'aikata har karyewar tattalin arzikin 1929 ta sa ta rufe. Girmamawar ta zo a makare. Babban baje kolin ayyukanta na farko a Bielefeld ta Jamus aka yi shi, a 1958, tana da shekara fiye da 70. A 1964, bayan ita da ɗanta sun ba ƙasar Faransa kyautar ayyuka fiye da ɗari nata da na Robert, aka nuna su a Louvre, babban gidan adana zane na Faris, ta zama mace ta farko da aka yi wa haka tana raye.

A ina zan ga ayyukan nan?

Bargon, da Philomène, da Le Bal Bullier, da Prismes électriques duk suna cikin taskar Centre Pompidou, kuma hotunansu suna intanet. Kwafin doguwar waƙar nan suna warwatse a manyan ɗakunan karatu da gidajen adana zane na Turai da Amurka. Sai dai allon waya yana cutar da su, domin yana mayar da babba da ƙarami girma ɗaya. In kina da tef ɗin awo, ki auna santimita 390 a jikin bangon tsakar gida, ki ja da baya ki duba, tsawon Le Bal Bullier ke nan. Sannan ki auna mita ɗaya da 'yan kai a kan tabarma, ki ga girman bargon.